Keke A Gindin Dutsen Kwatarkwashi

Uwargida, in maigida ko ɗanki zai hau keke daga Nahuce zuwa Tsafe cikin Janairu, ga abin da zai tarar. Bayan Gusau akwai Dutsen Kwatarkwashi, wanda ya yi suna saboda maiki. Ƙato ne, amma da hunturu hazo kan lulluɓe shi, sai an matso kana a gan shi. Iska kuwa sai ta ƙage yatsu har kama burki ya gagara.

To, ki dama masa koko mai zafi, ya shafa man kaɗe, ya naɗa rawani. Kada ya yi sammako ko dare, don direbobi ba su hango mai keke cikin hazo, ga kuma 'yan bindiga a hanyar.