Makullin da ya ceci lissafin Baba

A kakar bara Baba ya sayar da buhunan masara a kasuwar Funtua, ya saya mini laftof ta hannu don in daina yawon aro a jami'a. Da na zo hutu gida Malumfashi sai ya ba ni aiki: in kwafe sunayen waɗanda suka karɓi taki bashi a hannunsa, domin littafinsa ya sha ruwan sama, tawada duk ta dame. Da kyar muka haɗa lissafin, yana tuno wasu da ka. Na ajiye shi a memori, wanda nake sakawa cikin adafta in zura a gefen kwamfutar. Ban ajiye kwafi a ko'ina ba.

Wani dare mutum uku suka kawo biya. Na buɗe lissafin na gyara, na zo adanawa, kwamfuta ta ƙi. Abin da ta rubuto shi ne "The disk is write-protected", wato ana iya karanta abin da ke ciki, amma ba a iya ƙarawa ko gogewa. Na kira wani abokina, ya ce bairos ne, in yi fomat kawai. Ban tsaya tunani ba na danna, alhali fomat share komai yake yi. Allah ya taimake ni, nan ma ta ƙi.

Sai na tuna da diskpart, wata manhaja da ke cikin Windows wadda ake cire irin wannan kulle da ita. Ina buɗe ta aka nemi kalmar sirrin administireta, ni kuwa ba ni da ita. A daren na gane cewa wata da watanni baƙo nake a kwamfutata.

Ƙannena, abin kamar siton hatsi ne. Yaron sito yana shiga, ya share, ya ƙirga buhuna, amma fitar da kaya sai mai makulli. Haka Windows ta raba masu amfani gida biyu: akwai asusun gama-gari, akwai na administireta, mai ikon saka manhaja da taɓa saitin na'ura. Tun fitowar Windows Vista a 2007 take tsayar da mutum ta nemi izini kafin babban sauyi, don kada mugunyar manhaja ta yi ɓarna a ɓoye.

Washegari na hau mota, muka bi ta Bakori zuwa Funtua, shagon da aka sayo ta. Mai shagon ya ce mantuwa ce, ya saka kalmar sirri, ya mayar da asusuna na administireta. Na ce to saura memori. Yaronsa, wanda bai wuce ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ba, ya zare adaftar, ya tura wani ɗan maɓalli da ke gefenta sama da farce, ya mayar. Nan take lissafi ya adanu. Ashe garin zurawa ne maɓallin ya zame ƙasa, wajen da aka rubuta "Lock". Ga ni ɗan jami'a, na rasa inda zan sa fuskata.

A hanyar komawa ne jikina ya yi sanyi. Da maɓallin nan bai zame ba kuma na bi shawarar abokina, da bashin taki ya bi ruwa, sai dai a koma rantse-rantse da maƙwabta.

Yanzu duk na'urar da ta ƙi ni, sai na karanta saƙonta tukuna. In memori ne, maɓallin gefe nake fara dubawa. In filashi ne ya kulle kansa haka kawai, kwashe kayana nake yi da wuri, don wasu kan yi haka idan sun kusa mutuwa. Kai ma in za a saya maka kwamfuta ta hannu, kada ka bar shago sai an ba ka kalmar sirrin administireta ka gwada ta da hannunka. Ta makaranta kuwa, in ta nemi izini, malami za ka kira, kada ka nemi ɓarauniyar hanya.

Da na ba Baba labari, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi in buga masa lissafin a takarda kwafi biyu. Ɗaya na aljihunsa, ɗaya na cikin akwatin Inna.