Chereponi, Inda Tankar Mai Ke Juyawa

Mai zuwa Chereponi, a arewacin Ghana, daga Yendi da rani sai ya shirya wa jar ƙura. Ta wannan yanki ne fataken goro suka riƙa ratsawa daga Salaga zuwa Sansanne Mango, su zarce ƙasar Hausa. Yau babur da motokin, wato keken nan mai ƙafa uku, su suka gaji jakunan ayari. Ranar kasuwa za ka gan su maƙare da doya, masara da waken suya, Anufo da Konkomba da 'yan zango kowa na harkarsa. Kogin Oti na nan gabas, a tsallakensa kuma Togo ce.

Abin da ya fi ɗaukar idon baƙo shi ne kwalaben fetur da aka jera a bakin titi. Da ka bar gari gidajen mai sai su yi wuya, saboda haka 'yan bumburutu su ne mafita, kuma kowa ya san a bakin iyaka mai yana gangarawa ne daga inda ya fi araha zuwa inda ya fi tsada.

Kafin lita ɗaya ta iso nan ta sha tafiya. Tataccen mai ake sauke mafi yawansa a tashar Tema, wani a biyo da shi tafkin Volta zuwa rumbun Buipe, wani tankoki su ɗauko shi ta Kumasi da Tamale. Ghana kuwa tana haƙo ɗanyen mai tun 2010 a filin Jubilee, can cikin teku, amma galibinsa waje ake sayarwa. Ga rijiya, ga ƙishirwa.

Tun 2015 gwamnati ta sakar wa kasuwa farashi, ana sabunta shi duk mako biyu. Shi ya sa da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, gangar mai ta haura dala 120, babu wani shinge tsakanin wancan yaƙi da aljihun manomin Wenchiki da ke wannan yanki. Ga sidi kuma, kuɗin Ghana, tana ta faɗuwa a lokacin. Dizal da ake saye wajen sidi 7 a farkon shekarar ya wuce sidi 20 a Nuwamba. Mai tarakta ya ƙara kuɗin huɗa, direba ya ƙara na buhu, amma ɗan kasuwar da ya zo daga kudu sayen hatsi sai ya zabtare tsadar hanya daga farashin manomi. Ta ko'ina dai manomi ne ke biya.

Gwamnati ta ɓullo da shirin musayar zinariya da mai, kashin farko ya iso a Janairun 2023, farashi kuma ya ɗan lafa. A ganina ba a nan gizo ke saƙa ba. Muddin tatacce zai ci gaba da zuwa daga ƙetare da dala, duk rikicin da ya ɓarke a Turai ko Gabas ta Tsakiya sai Chereponi ta biya kasonta.