Tsohuwar Kyanwarmu

Kyanwa ba ta cika nuna ciwo ba. Lafewa take yi a ƙarƙashin gado, shi ya sa kafin a farga abin ya kan yi nisa. Tamu ta haura shekara 12. Kwanakin nan amai take yi, wani lokaci kumfa zalla, sannan ta sunsuna kwano ta juya baya. In na shafa ta, ƙashin bayanta nake ji a tafin hannuna.

Likitan dabbobi ya ɗebi jini da fitsari, ya ce a irin shekarunta ƙoda ake fara zargi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne rashin cin: kyanwa in ta kwana biyu ko uku da yunwa, kitse na iya taruwa a hantarta, ciwo ya ƙaru kan ciwo.

Wani maƙwabci, da kyakkyawar niyya, ya ce a ba ta farasitamol. Guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Sai dai in ɗumama mata dafaffen kifi don ƙamshin ya ja ta, in cire ƙaya, in miƙa mata kaɗan-kaɗan a yatsa, ruwa kuma na kusa da inda take kwance.