Ganga Bakwai, Hannu Biyu

Jerin gangunan Turawa da muke gani a zauren taro duk lokacin Makon Ɗalibai, asalinsa dabarar rage ma'aikata ce. A da can a Amurka, masu kiɗan fareti kowa da gangarsa: wani ya rataya babba, wani ƙarama, wani ya riƙe faifan tagulla. Da kiɗa ya koma cikin ɗaki, wuri ya yi kaɗan, kuɗin sallama ma ya yi kaɗan, sai aka shiga neman yadda mutum ɗaya zai yi aikin uku. A 1909 William Ludwig ya fito da matakin da ake buga babbar ganga da ƙafa a birnin Shikago. A shekarun 1930 Gene Krupa da kamfanin Slingerland suka yaɗa ƙananan gangunan nan da ake kira tom, waɗanda ake ɗaure fatarsu sama da ƙasa da kusoshi. Daga nan abin ya zama gasa, har aka kai ga irin su Terry Bozzio da ke zama tsakiyar ganguna barkatai sai ka ce mai tireda. Mu nan Najeriya mun yi marigayi Tony Allen na ƙungiyar Fela, wanda bai tara ganguna da yawa ba, amma in ka rufe ido ka rantse mutum huɗu ne ke kiɗa.

A gidanmu abin ba haka yake ba. Ni ɗan makaɗa ne, daga wani ƙauye tsakanin Sabon Birni da Isa. Na san akwai irina da yawa a makarantar nan da ba su faɗa, don kada a ce musu 'ya'yan maroƙa. Ruwansu. Ƙasar da ta haifi Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin kotson Sarkin Gobir na Isa Amadu, ta kuma haifi Maidaji Sabon Birni mai waƙoƙin noma, ban ga abin da zan ɓoye ba. Mu dai ba makaɗan fada ba ne, tambura da kotso na masu su ne. Namu kiɗan noma ne da na biki. Ranar gayya Baffana shi ke gaba da gangar noma, ƙanensa na damansa da kazagi, mahaifina da wata ganga matsakaiciya, yayyenmu biyu da kurkutu, sai mai kalangu biyu da ke zuwa daga ƙauyen gaba in biki ne. Ganga bakwai, mutum shida, ban da 'yan amshi. In Baffa ya ce a haɗa kaya, yaro ake aikawa gida-gida ya kira mutane. Gangunan kowa ya san inda tasa take rataye.

Kowa a nan ya ji labarin abin da ya sami gabashin Sakkwato, amma ji daban, a ƙirga da kai daban. A watan Mayun 2020 an kashe mutum fiye da saba'in a ƙauyukan Sabon Birni a rana guda. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya, muka yi makonni ba mu san wa ke raye ba. A Disambar shekarar aka ƙone mota da fasinjojinta a kusa da Gidan Bawa. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun 'yan bindiga. Tun kafin wannan gayya ta mutu, don wanda zai biya haraji kafin ya shiga gonar ubansa ba zai kira makaɗi ya sanar da daji cewa ga jama'a sun taru ba. Mahaifina ya rasu a gida, rashin lafiya. Ƙanen Baffa ya ƙetara Nijar da iyalinsa, yana wajen Gidan Runji a jihar Maraɗi. Yayana ɗaya yana acaɓa a Legas, ɗayan yana dako a kasuwar Kara. Mai kalangu tun ranar da aka tare hanyar kasuwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Baffa ya iso Sakkwato a bayan motar albasa, da mata da yara da buhu uku. Biyu daga cikin buhunan ganguna ne.

Shekara biyu suna rataye a ɗakin haya, ɓera ya ci fatar kurkutu ɗaya. Mutanenmu da ke zaune a gefen gari suna aure suna suna kamar kowa, sai dai wayar hannu da lasifika ke yi musu kiɗa, saboda Baffa shi kaɗai ba ya cika fili. Nan ne tunanin ya zo mini. Ina karanta injiniyan kanikanci, ina da izinin shiga wokshof, kuma na sha taya wani abokina Bayarabe ɗaukar gangunan cocinsu. Kun san tsakanin Bagobiri da Bayarabe, wasa ne har abada. Ya ce zai koya mini yadda ake jera su in na yarda shi ne ubangidana. Na ce bawa ba ya gindaya wa sarki sharaɗi. Ya dai koya mini.

Tsarinsu mai sauƙi ne in an gane shi. Kujera ake fara daidaitawa, sannan babbar ganga da matakinta, sannan sauran su kewaye mutum. Tom mafi ƙanƙanta, mai siririyar murya, yana hagu, ana gangarowa dama har zuwa mai kauri da ke tsaye a ƙasa, yadda hannu zai bi su kamar mai sauka daga tsani. Kowace a ɗan karkato ta wajen mai kiɗa, kada ta taɓa 'yar'uwarta, kada ƙarfe ya danne jikinta ya kashe amo. In suna da yawa, wahalar ita ce a raba muryoyinsu, don biyu masu murya kusa da juna ɓata wuri ne kawai. Fatarsu ta roba ce tun ƙarshen shekarun 1950, da ɗan makulli ake ɗaure ta, ba ruwanta da damina ko hunturu.

Na sayi bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu a wajen 'yan gwangwan, na lanƙwasa shi rabin da'ira, na yi masa ƙafafu uku da zobba masu kunce da ɗauri. Kowane zobe na naɗe shi da tsohon tib na babur, don kangon ganga itace ne, ƙarfe tsirara zai ci shi. Gangar noma fata biyu gare ta, in ka kwantar da ita ƙasa ta bayan ta shaƙe, sai na yi mata shimfiɗa da igiya tana lilo a tsakiya kamar yadda take lilo a kafaɗa. Wannan duk lissafi ne da walda, sati uku na gama.

Kalangu ya ƙi. Muryarsa a hammata take: a matse tsarkiya ta hau, a saki ta sauka, da haka yake kiran sunan mutum da na kakansa. In ka ɗaure shi a ƙarfe ya zama gwangwani. Na zana wata dabara ta waya da mataki irin na birkin keke wadda za ta riƙa jan tsarkiyar, malaminmu ya duba ya ce tunanin ya yi kyau. Baffa ya duba ya yi dariya har da tari. Kalangan biyu suka koma buhu, saura biyar.

Sai maganar mataki. Abokina ya ara mini nasu, na saita shi a bayan gangar noma, na nuna wa Baffa yadda ƙafa za ta riƙe gindin kiɗa hannuwa su sami sarari. Ya daɗe yana kallo.

"Kai yaro, da ƙahwa za ni bugun ta?"

Na ce, "Baffa, haka ake yi ko'ina a duniya."

"Wagga ganga ta ubana ta. Ta girme ka, ta girmi uwarka. Ba a taka ta."

Na mayar wa mai mataki matakinsa. A lissafin aji an yi asarar kashi ɗaya cikin uku na abin da na'urar za ta iya. Amma ni ma da na tuna hannun da suka riƙe gangar nan, ban ƙara tayar da zancen ba.

Inda muka fi daɗewa shi ne jeri. Na jera su yadda aka koya mini, kazagi a can hagu saboda shi ne mai siririyar murya, sai kurkutu biyu, sai matsakaiciya, sai babba. Baffa ya zauna, ya ɗauki makaɗi, ya buga sau uku ya tsaya. Ya ce in kwance. Kazagi ya koma dama, dab da kunnensa. Gangar mahaifina ta koma hagu, ɗan baya kaɗan, inda sai ya juya kafaɗa zai kai gare ta. Kurkutu biyu a gaba, ƙasa-ƙasa. Na ce masa hannu zai wahala, tazarar ta yi yawa, ga shi muryoyin sun hargitse ba hawa ba sauka. Ya nuna dama da makaɗi ya ce, "Nan ƙanena ka tsayawa." Ya nuna hagu bai ce komai ba. Shekara talatin da wani abu kunnensa na dama ke jin kazagi, na hagu ke jin mahaifina, yara suna gaba inda zai harare su in sun yi sauri. Da na ɗaure su a haka bai sake laluben ko ɗaya ba.

Kada in yi muku ƙarya, abin da ke fita ba kiɗan gayya ba ne. A gona mutum shida ke kiɗa shida, kowa da tafiyarsa, suna saɓawa suna haɗuwa, kazagi na yanka tsakanin bugun babba, manoma na jefa fartanya a kan wannan saɓanin. Hannu biyu abu biyu kawai za su faɗa a lokaci guda. Abin da Baffa ke yi shi ne ya riƙe babba da dama, hagu na zagayawa tana ɗauko kalma ɗaya daga bakin kowa. Wanda bai san asalin ba zai ce ya yi daɗi. Wanda ya sani yana jin ramukan. A bikin farko da muka kai shi, wata tsohuwa 'yar wajen Gatawa ta fara tafi daidai inda kazagi ya kamata ya shiga, wasu suka bi ta, aka cike gurbin da tafi har aka tashi.

Ga kuma fata. Tasu ta roba, tamu ta akuya da ta maraƙi. Da hunturu sai su ɗaure har ka ji tsoron fashewa, da damina su saki su koma kamar ana dukan katifa. Da can kowa shi ke shanya tasa a rana ko ya kara ta a wuta, ya san lokacin da ta kai. Yanzu mutum ɗaya ke bin biyar, kafin ya gama da ta ƙarshe ta farko ta huce. Na sake zobban na sa musu maɓalli mai saurin kuncewa don a riƙa cire su ɗaya-ɗaya ana karawa, kuma nakan je da kurfoti da gawayi in ba ni da lacca. Wannan gyaran shi ne babi na huɗu a rahoton aikina na ƙarshe, kuma shi malamai suka fi yi mini tambaya a kai.

Yanzu Baffa na samun biki biyu ko uku a wata, a Keke Napep ɗaya ake kwashe shi da ƙarfensa. Kuɗin haya na fita, wani lokacin har da na cefane. Watan jiya wani ya ɗauki bidiyonsa ya tura ta WhatsApp, ya kai Gidan Runji. Ƙanensa ya aiko da saƙon murya, ya yi ta tsokanar yayansa cewa ya zama bature da tsufa. A ƙarshen saƙon ya ce akwai Gobirawa da yawa a inda suke, su ma suna biki, in da hali a ba direban Maraɗi kazaginsa ya kai masa. Baffa ya sa na kunna masa saƙon sau uku. Ya tambaye ni ko zoben dama zai iya riƙe kurkutu in an matse shi, na ce zai iya. Direban ranar Laraba yake lodi, Laraba biyu ke nan sun wuce.