Giwar Katako da Ƙarfe a Birnin Nant

Daga Faris, jirgin ƙasa mai gudu ya kai ni Nant, a yammacin Faransa, cikin awa biyu da 'yan mintoci. Ban tsaya a gari ba, na haye gada zuwa tsibirin da ke tsakiyar kogin Luwar, inda a da ake ƙera jiragen ruwa har zuwa 1987 da aka rufe masana'antar. Manyan rumfunan ƙarfen suna nan, sai dai yanzu dabbobi ake ƙerawa a ciki.

Kukanta na fara ji kafin in gan ta. Giwa ce mai tsayin mita 12, nauyinta ya kai tan 48, tana tafe a hankali da mutum 50 a bayanta da cikinta. Fatar jikinta katako ne da aka sassaƙa, kunnuwanta na fata, ƙashinta ƙarfe. Tana ƙifta ido, ta miƙa hanci ta watsa wa yara ruwa, su kuwa sai ihu da gudu. Tun 2007 take wannan yawo. François Delarozière da Pierre Orefice ne suka ƙirƙiro wurin, kamfanin La Machine kuma ya yi aikin hannun.

Amma abin da ya fi riƙe ni shi ne maƙerar. Akwai baranda a sama da baƙo zai tsaya ya leƙa masu aiki. Komai daga zanen fensir yake farawa, sannan a yi ɗan ƙaramin samfuri. Masu walda su haɗa ƙashin, kafintoci su manna katako su sassaƙa shi gaɓa-gaɓa, su goge, su shafa fenti, masu inji kuma su ja bututun mai da zai motsa kowace gwiwa. Na ga wata mata sanye da tabarau tana goge katako, ƙura ta rufe mata hannu, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Ba sa ɓoye komai. Ƙusa, waya, taya da matuƙi duk a fili suke, kuma a ganina nan ne darajar aikin take, domin ɗan kallo yana ganin gumin wanda ya yi shi. Daga hannun waɗannan mutane gizo-gizon injin da ya ratsa titunan Liverpool a 2008 ya fito, haka ma wani dokin inji mai kan dodo da aka kai Beijin a 2014.

Kusa da bakin kogi akwai lilo mai hawa uku na halittun teku, wanda aka buɗe a 2012. Na zagaya shi a gurguje.

Mai karatu, in Allah ya kai ka Nant, ka fara hawa barandar maƙerar kafin ka sayi tikitin hawan giwa.