Silsilar Masu Ƙirga Jini

A Sakkwato ba a karɓar ilimi sai an san hannun da ya fito. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi sukutum ya rubuta, Ida'un Nusukhi, domin ya ambaci malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Da wannan tarbiyya na shiga karatun gwaje-gwajen asibiti, shi ya sa tambayar da ta fi damuna ba ta taɓa fitowa a jarrabawa ba: wa ya fara ƙirga ƙwayoyin jini?

Amsar da muka haddace gajera ce: Wallace Coulter, Ba'amurke, wanda ya nemi rajistar ƙirƙirarsa a 1949, aka ba shi a 1953. Dabarar tasa tana da sauƙi har ta ba mutum haushi. A tsarma jini da ruwan gishiri, a bi da shi ta wata 'yar huda da lantarki ke ratsawa. Ƙwayar jini ba ta barin wuta ta wuce kamar yadda ruwan gishiri ke yi, saboda haka duk wadda ta gifta sai ta ɗan tare ta. A ƙirga tarewar, an ƙirga ƙwayoyin; girman tarewar kuma shi ne girman ƙwayar.

Sai dai tun 1934 Andrew Moldavan ya bayyana yadda za a ƙirga ƙwayoyi suna gudana cikin siririn bututu, amma da haske. Kafin shi akwai Bajamushe Karl Vierordt, wanda a 1852 ya zauna yana ƙirga jajayen ƙwayoyi da idonsa a madubin likita, sannan Malassez na Faransa da ya samar da gilashin ƙirga wajen 1874. Gilashin da muke amfani da shi yau kuwa sunan Neubauer yake ɗauke da shi.

Hatta labarin Coulter ɗin riwaya biyu gare shi. An daɗe ana cewa fentin jiragen ruwan sojan Amurka yake bincike, ya faɗo kan jini bisa katari. A 2013 Marshall Graham, wanda ya yi aiki a kamfanin, ya ƙaryata wannan, ya nuna jini aka nufa tun farko. Da malaman zaurenmu aka kawo wa riwayar fenti, da tuni sun tambayi mai ita daga bakin wa ya ji.

Ban tauye wa Coulter haƙƙinsa ba. Hudar lantarki tasa ce, kuma saboda ita uwar yaro mai sikila ke samun sakamako kafin azahar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a datse silsila a bar suna ɗaya. A ƙananan ɗakunan gwaji, ranar da wuta ta ɗauke ko ruwan na'ura ya ƙare, ma'aikaci gilashinsa yake jawowa, ya duƙa a kan madubi, ya ƙirga murabba'i bayan murabba'i, aikin da Vierordt zai gane da ya leƙo.