Enset, ayabar da ba a cin 'ya'yanta

Daga Arba Minch a kudancin Habasha, hanya takan hau dutse zuwa Chencha, ƙasar Dorze. Tun kafin a kai, zafin bakin tafkin Abaya ya kau, hazo ya sauko, sanyi ya fara shiga ƙashi, domin garin ya haura mita 2,500 sama da teku. Kowane gida a nan kewaye yake da wata shuka mai faffaɗan ganye, mai kaurin gindi, wadda takan zarce rufin ɗaki tsawo. Baƙo zai ce ayaba ce. 'Yar uwarta ce dai, sunanta enset.

Tana fitowa da kanta a dazuka tun daga Habasha har Afirka ta Kudu, amma mutanen Habasha kaɗai suka mai da ita amfanin gona. Yau kimanin mutum miliyan 20 ke rayuwa a kanta: Gurage, Sidama, Wolaita, Hadiya, Gedeo da maƙwabtansu. 'Ya'yanta ba sa ciwuwa, cike suke da baƙaƙen ƙwallaye masu tauri. Abincin yana cikin gangar jikinta da kuma katon tushen da ke binne a ƙasa, kuma fito da shi aikin mata ne.

Na zauna na kalli uwargidan da ta sauke ni tana wannan aiki, ban gaji da kallo ba. Ta jingina katako, ta ɗora ɓawon gangar a kai, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta danne shi da diddige, sannan ta kama tsagin gora da hannu biyu tana kankarowa. Farin ɓargo yana zubowa kan ganye, zaren kuma yana saura a sama, dogo, fari tas. Ba a yar da shi. Da shi ake tufka igiya, a saƙa tabarma da buhu. Ta matse ɓargon, ruwan ya kwanta ya bar lallausan gari, wanda suke kira bulla. Sauran ta haɗa da tushen da aka kirɓa, ta zuba a ramin da aka shimfiɗe da ganye, ta rufe, ta danne da duwatsu. A nan zai yi watanni yana tsima, wani ma har shekara, kafin ya zama kocho.

Daga wani tsohon rami ta ɗebo wanda muka ci. Ƙanshinsa da ƙarfi, ba kowane baƙo ke jure shi a karon farko ba. Ta daddatsa shi da wuƙa don sauran zare, ta murza, ta lailaya shi fai-fai tsakanin ganye biyu, ta ɗora a kasko. Ya fito da ɗan tsami da danƙo, muka ci da zuma da dakakken barkono. A wajen Gurage da kitfo ake cinsa, wato niƙaƙƙen nama da man shanu da yaji, a haɗa da cuku da ganye. Wannan haɗi hikima ce, don kocho shi kaɗai yana ƙosarwa amma bai cika gina jiki ba.

Ta fuskar magani ma ba a bar enset a baya ba. Kunun bulla ake dama wa mai jego da mai jinya. Akwai irin da ake ware wa wanda ya samu karaya, a dafa masa tushen, wanda suke kira amicho, ya ci da madara har ɗori ya kama. Akwai wanda ake ba mace ko saniya idan mabiyiya ta ƙi faɗowa. Manomi yakan san kowane iri da sunansa, ya dasa na magani kusa da ɗaki.

Abin da ya fi burge ni shi ne enset ba ta da ranar girbi. Rumbu ce a tsaye, mai rai. Takan yi shekara huɗu zuwa bakwai kafin ta ƙosa, ana iya sare ta a kowane wata, kuma idan damina ta yi gardama ba ta mutuwa, sai dai ta dakata da girma. Shi ya sa magidanci ke jera su manya da ƙanana, na bana da na baɗi da na shekaru masu zuwa. Lokacin yunwar 1984, wadda ta fi tsananta a Tigray da Wollo masu dogaro da hatsi, yankunan enset sun fi samun sauƙi. A 2023 UNESCO ta sanya ƙasar Gedeo, inda kofi ke girma a inuwar enset da manyan itatuwa, cikin wuraren tarihi na duniya, kuma wallahi sun cancanta.

Damuwar manoman enset yanzu wata cuta ce da ke sa ganye ya yi yaushi, gangar ta ruɓe, wadda wuƙa ke ɗauka daga wannan shuka zuwa waccan. Maigidan ya nuna mini yadda yake ƙona bakin addarsa a wuta kafin ya taɓa wata, sannan ya kai ni inda ya binne tushe guda da ya ƙwaƙule wa tsakiya. Tsiro ya fito a kewayensa birjik, har ya fara zaɓen waɗanda zai dasa da saukar ruwa.